Hoton Baffa a Gindin Dutse

Camberwell, Landan
26 ga Janairu, 1978

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata man shafawar yana tafe. Mu ma lafiya lau, sai sanyi, sai kuma takaicin da ya sa na ɗauki biro yau.

Yaya, wallahi raina a ɓace yake. Kin san Baffa Zailani, ƙanin mahaifin maigidana Injiniya, wanda kwangilar siminti ta ɗaga sama. Tun farkon wata ya sauka a flat ɗinmu, wai ya zo ganin likitan ido. Na bar masa ɗakinmu, na tuƙa tuwo, na yi wanki da guga, ban ce komai ba. Ashe ba idon kaɗai ya kawo shi ba. Wani abokin gasarsa a can gida Gusau ya rataye hoto a falo, yana tsaye cikin ƙanƙara a kan wani dutse na Scotland, kuma tun daga ranar Baffa bai sake barci mai daɗi ba. Dole sai an ɗauke shi a dutsen da ya fi wancan tsawo. Wa zai kai shi? Maigidana mana, mutumin da jarrabawarsa ta ƙarshe take bakin ƙofa!

Rediyo kuwa ba ta da zance sai na guguwar ƙanƙara da ta doshi arewa, ana ta roƙon matafiya su zauna gida. Da na je duty a asibitin da nake aikin jinya na tambayi Sista, shugabar ward ɗinmu, don a gindin duwatsun Scotland ɗin aka haife ta. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Ta ce iska tana tara sabuwar ƙanƙara a kan tsohuwa a kafaɗar dutse, ba su kama juna ba, mutum yana takawa sai ta zaftaro gaba ɗaya ta binne shi. Ta ce kada su ruɗu don gari ya washe, ranar da rana ta fito bayan guguwa ma cin mutane take yi. In kuma ta rutsa da mutum, ya yar da jaka, ya haɗa tafin hannunsa a gaban fuska don ya sami wurin numfashi.

Na faɗa wa Injiniya a kicin. Ya ce ya ji, amma da wane baki zai ce a'a ga mutumin da ya riƙe shi tun yana firamare? To da safen nan suna ɗaure jakunkuna na durƙusa na maimaita maganar Sista a gaban Baffa, har na nuna yadda ake sa hannun. Yaya, kin ga tashin hankali! Baffa ya ce tunda yake bai taɓa ganin matar da ke koya wa mijinta kwanciyar kabari a bakin ƙofar tafiya ba. Ya ce matafiyi addu'a ake yi masa, ba mugun baki ba, boko ne ya cire min kunya. Injiniya ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa. Haka suka fita suka bar min ƙofa a buɗe.

Addu'ar na yi, ina kan yi. Amma ki gaya min, in na san abin da zai iya kashe min miji, sai in haɗiye shi don a ce ina da ladabi? Ki taya ni roƙon Allah, don Allah kada ki gaya wa Inna tukuna.

Taki ƙanwa,
Sakinatu

Camberwell, Landan
12 ga Fabrairu, 1978

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida kowa da kowa. Kada hankalinki ya tashi, Injiniya yana raye, alhamdu lillahi. Amma abin da na ji tsoro ya faru.

Guguwar ta tsare su a masauki har Baffa ya fara zancen dawowa. Sai wata safiya gari ya waye tangaran, rana fes, babu iska. Kin san mu, in hadari ya sauke ruwa gari ya washe, shi ke nan an wuce wurin, kowa ya ɗauki fartanya. Haka Baffa ya ɗauka. Ya ce bakin yarinyar nan bai kama ba, a tashi. Mai masaukin ya hana su, Baffa ya ce Bature ne ke yi wa baƙar fata hassadar hoto.

Da suka fara hawa, Injiniya ya shiga gaba yana taka hanya don babba ya sami wurin sa ƙafa. Shi ne dutsen ya zaftaro da shi. Baffa yana can baya yana gyara hula, ko ƙwarzane bai samu ba. Allah ya sa wasu masu aikin ceto suna kusa da karensu, karen ne ya gano inda yake. Ƙafar dama ta karye wuri biyu, an ɗaure ta da siminti har cinya, yatsun ƙafar hagu biyu kuma sanyi ya cinye su, sai yankewa aka yi.

Na hau jirgin ƙasa na je na same shi. Na shiga da faɗa cike da bakina, amma da na ga yadda ya koma sai na zauna ina kuka kamar wawuya. Ya ce min lokacin da ƙanƙarar ta rufe shi bai san sama ba bai san ƙasa ba, abin da ya ji kawai muryata ce a bakin ƙofa, sai ya haɗa hannu a fuska. Likitan ya ce wannan ɗan wurin numfashin ne ya riƙe shi har aka tono shi.

Baffa fa? Ya leƙa asibiti sau ɗaya, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya yi booking ya hau jirgi ya koma gida. Saƙon da ya bari shi ne in an wanke hotunan a zaɓi mai kyau a faɗaɗa a aika masa. Hoto, Yaya! Ɗan ɗan'uwansa yana kwance babu yatsu, jarrabawa ta wuce shi sai baɗi, shi hoto yake tambaya. Ban taɓa jin haushin ɗan Adam irin wannan ba.

Mun dawo Landan. Ki gaya wa Inna yanzu, amma a hankali.

Taki,
Sakinatu

Camberwell, Landan
21 ga Maris, 1978

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Na sami takardarki, na gode da addu'a. Ina fata yara sun warware daga murar. Injiniya yana gaishe ki, ya fara takawa da sanduna.

Na karanta abin da kika rubuto. Wato Baffa ya zagaye dangi yana cewa bakina ne ya jawo dutse a kan mijina, babu wanda ya gargaɗe su, ni ce na kira abin da sunansa ya zo. Har mahaifin Injiniya ya aiko cewa a sa ni a jirgi in dawo gida in zauna, sai an ga abin da za a yi da auren. Ke ma kin ce in rubuta in ba Baffa haƙuri don a zauna lafiya. Haba Yaya! Haƙurin me? Na amsa cewa ni na karya ƙafar? In na amsa wannan, gobe ko tuntuɓe ya yi ni ce. Kuma in na tafi wa zai wanke masa ciwon, wa zai hau da shi bene? Baffa?

Na miƙa wa Injiniya takardarki na ce ya karanta, in zai sake sunkuyar da kai ya faɗa min in haɗa kayana. Ya karanta ya ninke ta ya ajiye. Na ce a raina shi ke nan, halin ne. Washegari na dawo daga duty ban same shi ba. Sai can ga shi yana jan sanduna, gumi sharkaf cikin sanyin nan. Ashe fim ɗin kyamarar da aka tono a wuyansa ya kai kemis a wanke hotunan.

Jiya muka karɓo. Na kan dutse duk sun lalace, guda ɗaya ne ya fita, wanda aka ɗauka a gindin dutsen kafin su hau. Ga Baffa da babbar riga a kan kwat, yana washe baki, ya dafa wani babban allo don sunan dutsen ya fito a hoton. A ƙasan sunan kuwa, da jajayen haruffa, an rubuta cewa akwai haɗarin zaftarewar ƙanƙara, kada kowa ya hau yau. Injiniya ya ce a wurin ya fassara masa, Baffa ya ce ya yi shiru ya danna.

Injiniya ya sa an faɗaɗa shi iyakar girman da suke yi, an sa masa gilashi. Ya ce shi bai taɓa yi wa Baffa musu ba kuma ba zai fara ba, babba ya ce a aika hoto, to za a aika. Amma ta hannun mahaifinsa zai bi, ranar Juma'a bayan masallaci, lokacin da zaure ke cike da dangi da 'yan sakandare masu son nuna Turancinsu. Ya haɗa da 'yar takarda cewa matarsa tana nan inda take, don da bakinta yake numfashi.

Saboda haka babu haƙurin da zan rubuta, babu jirgin da zan hau. Lawal, abokin karatunsa, zai sauka Kano da hoton mako mai zuwa, man shafawar Inna ma yana hannunsa. Don Allah Yaya ki nemi dalilin zuwa gidan ranar, ki tsaya inda za ki ga fuskar Baffa da kyau, ki rubuto min komai, kada ki rage.

Ki gaida maigidan da yara, ki gaida Inna.

Taki har kullum,
Sakinatu