Haka Ka Ce, Magatakarda?

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau tarihi ya sake nemana, kuma ya same ni a tsakar gida ina cin ɗumame. Hajiya Hansai, shugabar ƙungiyarmu ta manoman masara da auduga a nan Funtua, ta bugo waya: za a ɗauki malamin gona guda ɗaya kafin ruwa ya sauka, an kafa kwamitin mutum biyar, ni ne magatakarda kamar yadda na kasance shekara goma sha ɗaya. Na amsa da murya irin ta wanda aka miƙa wa makullan daula. Mai ɗakina Maijidda ta ce, "Malam, goge miyar da ke gemunka tukuna."

Na karanta labarin magatakardan Bagadaza da na Rum. Babu inda aka rubuta cewa matar ɗayansu ta yi masa haka. Amma fa su ne masu rubutun.

Laraba, 8 ga Mayu

Zaman tantance takardu. Mutum goma sha huɗu suka nema, muka tace suka koma uku: Mus'ab, Sa'adatu, da wani Ɗanladi Nomau daga wani ƙauye a bayan Dayi.

Alhaji Maharazu, mataimakin shugaba, dillalin hatsi, aminina na shekara talatin, ya ɗaga fayil ɗin Ɗanladi da yatsu biyu. Ya ce, "Nomau? Duk zuriyar babu Muhammadu ko ɗaya?" Aka ce masa ai Bamaguje ne. Ya ce, "To arne ne zai shiga gonakin Musulmi yana ba da umarni? Ai warin burkutu zai riga shi isowa." Da ya zo kan Sa'adatu kuma ya ce damina ɗaya za ta yi mana ta ce laulayi.

Ni kuwa, Abdulmutallib, tsohon malamin tarihi, mai kabad biyu na littattafai, sai na ce, "Aƙalla tsutsar masara za ta bugu ta faɗo da kanta, mu huta da feshi." Aka yi dariya har wakilin manoman Danja a kwamitin ya sarƙe da ruwa. Hajiya ce kaɗai ba ta yi ba.

A takardar wucin gadi na rubuta: "Kwamiti ya yi nazari mai zurfi kan dacewar masu nema da yanayin al'umma."

Alhamis, 9 ga Mayu

Jumlar nan ta jiya kyakkyawa ce. Ban san abin da ya sa nake ta komawa ina duba ta ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Intabiyu. Hajiya ta ƙi yarda a tsaya ga tambayar baki. Ta sa aka zuba takin zamani a faranti uku da irin masara a ƙwarya biyu, ta ce kowa ya faɗa mana wanne zai ba manomi shawarar ya kai gona.

Mus'ab yaro ne mai ladabi, ya kawo sunayen sinadarai da Turanci har na ji kamar in miƙe tsaye, amma ya zaɓi farantin da ya fi ƙyalli. Sa'adatu ta murza takin a tafin hannu, ta gane ɗaya daga cikin gurɓatattun biyu. Ɗanladi ya nemi kofin ruwa uku. Ya zuba, ya motsa da tsinke, ya jira. Yashi ya kwanta a gindin kofi biyu. Ya ciji ƙwayar masara daga kowace ƙwarya, ya ce ta hagu ta sha danshi a rumbu, rabinta ba zai tsiro ba. Malam Ummaru, dattijon da ke wakiltar manoman Dayi, ya ce, "Wallahi tawa ce, kuma haka ne."

Da aka haɗa maki, Ɗanladi ne na ɗaya, Sa'adatu ta biyu, Mus'ab na uku. Ranar Alhamis za a yanke.

Ɗanladi yana fita, ƙofa ba ta gama rufuwa ba, Alhaji ya ce, "A buɗe mana taga." Na ga bayan Ɗanladi ya tsaya cak. Sannan ya duƙa ya sa takalmansa a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

A waje ya tare ni, ya rusuna. "Baba, ba ka gane ni ba. Ka koyar da ni a aji uku a Malumfashi. Kai ne malamin farko da ya kira ni da sunana, ba da 'kai Bamaguje' ba." Na gyara babbar riga na ce Allah ya yi albarka. Ban tuna shi ba ko kaɗan. Ina kyautata zaton rajista kawai nake karantawa.

Ban ci tuwon dare ba. Na ce wa Maijidda zafi ne.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na shirya jawabi mai gabatarwa da rassa uku da kammalawa, na tafi rumfar Alhaji domin in yi masa nasiha a keɓe, kamar yadda masu hikima suka tsara. Na kai tsakiyar gabatarwa ya ce, "Malam Abdu, kai fa ka fi kowa ba mu dariya ran nan."

Rassa ukun suka bushe a bakina.

Ya ce shi ba ƙiyayya ba ce. Manoma ne ba za su saurare shi ba, ƙungiya za ta watse, shi ƙungiya yake karewa. "Ka rubuta cewa Mus'ab ya fi dacewa da jama'a. Ai ka iya irin wannan Hausar, ita ce sana'arka." Ya faɗe ta a matsayin yabo. Ya sa aka kawo mana rake. Na sha, har gaɓa uku.

Litinin, 13 ga Mayu

Idan na rubuta abin da yake so, Ɗanladi ya rasa aikin, kuma ba wanda zai taɓa sanin dalili, domin ni ne zan binne dalilin da kyakkyawar Hausa.

Talata, 14 ga Mayu

Ranar kwafe rahoton tantancewa da na intabiyu cikin babban littafi. Tun kafuwar ƙungiya, saboda yawancin manomanmu ba sa karatun boko, dokarmu ita ce: a farkon kowane zama magatakarda ya karanta rahoton baya da ƙarfi, duk wanda aka ambaci maganarsa shugaba ta tambaye shi, "Haka ka ce?" shi kuma ya amsa da bakinsa kafin a sa hannu. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa samun gardama ba, domin ban taɓa rubuta abin da wani ya ce ba. Abin da ya kamata ya ce nake rubutawa. Mutane suna son rahotona ƙwarai. A cikinsa kowa dattijo ne.

Yau na rubuta maganar Alhaji yadda ta fito, da arnen da burkutun da tagar. Na ji wani irin girma, kamar wanda za a gina wa hasumiya.

Maijidda ta kawo kunu, ta leƙa ta kafaɗata ta karanta. Ta ce, "Ina taka?"

Na ce wacce?

"Ta tsutsar. Ai ka dawo kana ba ni labari kana dariya. Ka rubuta tasa ka bar taka?"

Na yi mata bayanin bambancin da ke tsakanin mai magana da mai rubutu a al'adar manyan dauloli. Ta ɗauki kofinta ta fita.

Na ƙara layi ɗaya. Shi ne layi mafi muni da na taɓa rubutawa, kuma babu kuskuren nahawu ko ɗaya a cikinsa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na karanta. Da na iso wurin, muryata ta koma irin ta ɗan akuya, amma na karanta.

Hajiya ta cire tabarau ta ce, "Alhaji, haka ka ce?"

Na yi zaton zai musa, ko ya ce wasa ne. Ya dube ni, ba ita ba, ya ce, "Haka na ce. Kuma abin da kowa ke faɗa ne a zaurensa." Ko gezau. Duk littattafan da na karanta sun yi mini alkawarin cewa mutum yana jin kunya idan aka karanta masa maganarsa.

Na ci gaba: "Magatakarda ya ce aƙalla tsutsar masara za ta bugu ta faɗo da kanta." Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Hajiya ta ce, "Malam Abdulmutallib, haka ka ce?"

Na ce, "Haka na ce, Hajiya."

Malam Ummaru ya yi gyaran murya. Ya ce shekarar da dawarsa ta ƙone, uban yaron nan ne ya auna masa iri, bai tambaye shi sallarsa ba, shi ma bai tambayi abin da yake yanka wa kaza ba. "Dawar ta fito. Ita nake shukawa har yau, kai ma Alhaji ka saya a hannuna."

Aka zo ƙuri'a. Hajiya da Malam Ummaru, Ɗanladi. Alhaji da wakilin Danja, Mus'ab. Ni a al'adata ba na ɗaga hannu. Nakan ce hannuna yana riƙe da alƙalami. Ido takwas suka juyo kaina. Na ajiye alƙalamin. Na ɗaga hannu ga Ɗanladi, bai wuce kunnena ba, amma Hajiya ta ƙirga shi.

Alhaji ya kafa sharaɗi: damina ɗaya ta gwaji, in manoma suka ƙi shi a sallame shi. Ba a taɓa sa wa kowa wannan sharaɗin ba. Aka amince don kada taro ya fashe. Ni ma na amince. Na rubuta shi yadda yake.

Juma'a, 17 ga Mayu

A masallaci Alhaji ya canza sahu. Shekara talatin kafaɗata tana jingine da tasa.

Sai da na dawo na tuna: maganar laulayin da ya yi kan Sa'adatu ban sa ta a rahoton ba. Ban ɓoye ta da gangan ba. Ban ma ji ta a matsayin abin rubutawa ba, kuma wannan ya fi damuna. Ita ce ta biyu a maki, amma ko sunanta ba a kira ba wajen ƙuri'a. Hajiya ta lura? Tabbas ta lura.

Laraba, 22 ga Mayu

An ce a majalisar rumfar hatsi yanzu sunana Limamin Maguzawa. A matsayina na masanin laƙabi, na yarda yana da daɗin faɗa. Na wuce ta can da yamma, aka amsa sallamata da rabin baki, ba a matsa mini a benci ba.

Laraba, 29 ga Mayu

Ruwa ya sauka sosai, an fara shuka. Labari daga Danja: manoma biyu sun ce kada Ɗanladi ya taka musu gona. A Dandume wani ya bar shi tsaye a rana, ya aiko a ce ba ya nan, alhali ana jin tarinsa. Wakilin Danja yana tattara waɗannan labarai kamar mai tsintar gyaɗa.

Watakila Alhaji ya fi ni sanin mutane. Watakila abin da na yi wa yaron nan shi ne na sa a wulaƙanta shi gona gona maimakon sau ɗaya a ofis.

Litinin, 3 ga Yuni

Ina tsaye a bakin titi zan tafi gonata, sai ga Ɗanladi a babur ɗin ƙungiya, laka har gwiwa. Ya rame. Na tambaye shi aiki, ya ce, "Baba, waɗanda suka bari na shiga sun fi waɗanda suka hana, da mutum ɗaya." Ya yi dariya, ni na kasa.

Ya ce in hau ya kai ni. Na hau saboda gwiwata ta hagu, wadda likita ya ce kada in wahalar da ita. Ina so wannan ya tabbata a rubuce. A mararraba ya rage gudu ya ce, "Ta bayan gari za mu bi, ko? Kada a gan ka."

Hanyar bayan gari ta fi kusa, kuma ta fi kyau.

Na ce ya bi ta kasuwa, ta gaban rumfar hatsi, ina da abin da zan duba. Ya tambaye ni mene ne. Na ce ya kula da tuƙinsa.

Suna zaune duka a benci. Na yi sallama da ƙarfi, hannuna ɗaya a kafaɗarsa. Ban duba komai ba.