Ruwan Ƙasa Ya Fi Sanyi

Zuwa ga maigidana, Baban 'Yan Biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jiki, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. 'Yan biyu suna gaishe ka, kullum sai sun tambaye ni ranar da za a cire maka filasta.

Na san ba lafiyarmu ce ta fi damunka ba, don haka bari in fara da masoyanka. Karfasanka, kifin da kake kiwo a dam, suna nan kalau a kejinsu. Kowace safiya ina tura kwale-kwale in kai musu abinci kamar yadda ka nuna mini, gwangwani uku, ba ƙari. Iyayen kifin nan arba'in da ka shekara bakwai kana zaɓa ɗaya bayan ɗaya, har da babbar da kake kira Uwar Garke, duk na gan su da idona. Hannuna ya yi kanta da riƙon filafili, in ka dawo ka san da me za ka lallashe ni.

Sai dai zafin bana ya wuce misali. Masu kula da dam sun buɗe ƙofa saboda manoma, ruwa ya ja baya sosai. Matakalar da muke ɗaure jirgi yanzu a tudu take, sai na taka laka har gwiwa kafin in shiga. Masu ƙugiya da ke zuwa ƙarshen mako sun daina zuwa, wai kifi ya ƙi cin tarko. Kai dai ka kwantar da hankalinka ka sha magani.

Taka har kullum,
Maman 'Yan Biyu

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Na ji an ce zazzaɓi ya sake kama ka, kuma likita ya hana a kawo maka maganar da za ta tayar maka da hankali. Shi ya sa na yi ta juya biro kafin in rubuta.

Kwana huɗu ke nan iska ba ta kaɗa ba. Tafkin ya kwanta shiru, ya yi kore, in ka sa hannu kamar ruwan wanka. Da safe nakan tarar da kifin duk sun taso sama suna buɗe baki, abinci ma ba sa kallo. Wallahi tausayinsu ya hana ni sukuni. Ƙanana biyar sun mutu, na kwashe.

Amma kada ka damu, matarka ba ta zauna haka ba. Na tuna ko a randa ruwan ƙasa ya fi sanyi. Sai na ɗinke bakin kejin iyayen da raga don kada su fice, na ja shi zuwa wurin mai zurfi kusa da bangon dam, na ƙara wa igiyoyin tsawo, na ɗaura duwatsu, ya nutse ƙasa can inda rana ba ta kaiwa. Ni kaɗai na yi, ban nemi kowa ba, don kada a ce ba ka nan komai ya tsaya. Na dawo gida ina jin kaina kamar wata gwana.

Ka ci abinci don Allah, an ce kana ture kwano.

Taka,
Maman 'Yan Biyu

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fatan jiki da sauƙi. Wasiƙarka ta iso jiya. Na ga ba a ba ka tawa ta biyu ba, tunda har kana tambaya ko Uwar Garke ta fara ɗaukar ƙwai. Wannan kam na roƙi ƙanenka ya sa maka a hannu, ko likita zai yi faɗa. Ba zan iya barinka kana murna da abin da babu ba.

Sun mutu, maigida. Duka arba'in ɗin.

Washegarin nutsarwar, da na jawo kejin, nauyinsa kawai ya faɗa mini. Ya fito da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, su kuma duk sun manne a jikin ragar da na ɗinka a sama, bakinsu a buɗe. Sun yi ta neman hanyar tasowa, ni ce na rufe ta. Ɗinkin ma mai kyau na yi, ninki biyu.

Tsohon nan mai gyaran raga shi ya taya ni fitar da su. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce a irin wannan zafi ruwan ƙasa matacce ne, sanyi gare shi amma babu iska a cikinsa, kuma tasowar da suke yi da safe numfashi suke nema. Yana faɗa na tuna ka taɓa gaya mini haka, kana zaune a bakin ƙofa ina wanke-wanke. Na ce maka ka ishe ni da zancen kifi. Tsohon kuwa rumfarsa taku ashirin ce daga inda nake ɗaure jirgi, girman kai ne ya hana ni tambaya.

Na san ba a sayen irinsu a ko'ina. Na san shekara bakwai ba wasa ba ce ga mutumin da ba a tabbatar zai sake hawa jirgi ba. Ba na neman ka ce ba komai, don akwai komai. Ban san da wane ido zan dube ka ba ranar da za ka shigo gidan nan.

Yau da safe na auna gwangwani uku, na taka laka, na tuƙa har tsakiyar ruwa, inda kejin iyayen yake a da. Sai da na gama watsa abincin na ga babu abin da ya motsa. Na daɗe a zaune a wurin, rana tana dukana, na kasa juya jirgin.

Ka yafe mini in za ka iya. Allah ya tashi kafaɗunka.

Matarka,
Maman 'Yan Biyu