Kwana Ukun da Na Hana Ki

Zuwa ga mahaifiyata, Iya,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki a makwancinki. Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba a kan 'ya ga uwarta, ina sanar da ke cewa bana shekaruna saba'in da takwas. Da ƙafata nake zuwa kasuwa, da hannuna nake wannan rubutu, kuma ba na neman tausayin kowa daga cikin waɗanda za su karanta shi. Wanda tausayi ya taso masa, ya kai wa mai bukata. Abin da ya kawo ni gabanki kunya ce, tawa ce ni kaɗai, kuma na isa in ɗauke ta.

A kan shinkafarki nake magana, jar nan mai dogon gashi da kika zo da ita Haɗejiya cikin kayan aurenki daga bakin Tafkin Cadi. Kina adana irinta a tulu, ki gauraya da toka, ki liƙe bakin da laka. Ba ta cika rumbu kamar na wasu, amma ban taɓa ganin shekarar da ta ba ki kunya ba. Kina kiranta Mai Lamba, saboda ƙananan ɗigogi masu launin ƙasa-ƙasa da ke fitowa a ganyenta idan damina ta yi nisa. Kikan naɗe hannun rigata, ki taɓa tabon lambar da aka yi mini ta rigakafin agana, ki ce, “Irin taki ce. Wadda aka yi wa wannan ba ta kwanciya.”

Ni ce 'yarki ta fari, don haka bakinki bai taɓa furta sunana ba. “'Yar nan” kike ce mini.

Sai na tafi kwalejin horon malamai, na dawo da takarda da littafin ilmin tsirrai a hammata. A damina ta farko bayan dawowata na bi ki fadama, ranar da mata suka taru taya ki cire ciyawa. Na tsinki ganye ɗaya, na buɗe littafina, na ɗora shi kusa da hoton cutar funfunar da ke karya wuyan shinkafa. Hoton baƙi da fari ne, Iya. Ba zai iya nuna mini launi ba, balle ya gaya mini ko ɗigon yana faɗaɗa ko yana tsaye. Duk da haka na ɗaga murya yadda ta ƙarshen gona za ta ji, na ce irinki mai cuta ne, zai shafa wa maƙwabta, kuma zancen lamba camfi ne na waɗanda ba su shiga aji ba.

Ba ki yi fushi ba. Kika miƙe, kika share laka a zanenki, kika ce, “Ki ba shi kwana uku. In ya yi faɗi, cuta ce. In ya tsaya inda yake, lamba ce.”

Na ce ilmi ba ya jiran kwana uku.

Washegari na sa aka sare gonar tun tana ɗanya. Da hannuna na fasa tulun, na juye ragowar irin a murhu, na kawo miki sabon iri fari a buhu. Kina tsaye a ƙofar madafa, ba ki ce komai ba sai, “To, Malama.” Daga ranar har kika koma ga Allah, Malama kike kirana. Shekara hamsin da ɗoriya ina ɗaukar wannan a matsayin girmamawa. Na shugabanci makarantar 'yan mata, na yi ritaya, ban taɓa zama na tambayi kaina ina “'yar nan” ta tafi ba.

Ba zan zalunci sabon irin ba. Ya cika rumbuna shekaru masu yawa, shi da waɗanda suka biyo bayansa, ya kuma ciyar da mutane. Amma bara aka yi dogon lumshi, ba rana, da raɓa mai nauyi, cutar nan ta sauka a fadamarmu. A lokacin ne na gan ta da idona, ba a takarda ba: tabo mai faɗi kamar idon kifi, tsakiyarsa toka-toka, kullum yana ƙara girma, har ya hau wuyan zangarniya ya karya shi, ta bushe fara fat ba ƙwaya. Ko kaɗan bai yi kama da ɗigon da na tsinka a gonarki ba. Na gane hakan nan take, amma ba ni da wanda zan gaya wa.

Bayan girbi sai ga Falmata, tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu dakta ce mai binciken cututtukan hatsi. Ta zo tattara ganye a gonakin da cutar ta ci, ta biyo ta gaishe ni. Ta nuna mini hoto a wayarta: wata 'yar gona a Auyo tsaye kore shar a tsakiyar gonakin da suka mutu. Ta matso da hoton ganyen. Iya, lambarki ce.

Na daure na tambaye ta ma'anar ɗigon, kamar mai jarraba ɗaliba. Ga abin da ta koya mini, ni da na koya mata riƙe alli.

Ƙurar funfunar iska ke kawo ta. Idan ta sami raɓa a kan ganye sai ta huda fatarsa, ta tura waɗansu sinadarai nata cikin ƙwayoyin halittar shukar, don su kashe mata hanyoyin kare kai. To, wasu ire-iren shinkafa sun gaji waɗansu sinadarai masu gadi, da ake kira furotin, a cikin ƙwayoyinsu, kuma sau da yawa bibbiyu suke aiki. Ɗaya yana ɗauke da wani yanki mai kama da abin da sinadarin funfunar ke nema, kamar tana a bakin ƙugiyar masunta. Da zarar ya cafka, sai na biyun ya ba da umarni, ƙwayar da aka shiga ta kashe kanta, tare da 'yan kaɗan na kewayenta. Funfunar kuwa a farkon shigarta sai da rayayyen nama take ci, don haka sai ta maƙale a nan ta mutu. Ɗan ɗigon da ya rage shi ne shaidar inda aka tsayar da ita. Irin da ba shi da masu gadin da suka san fuskarta kuwa, ba ya ma sanin an shigo.

Falmata mai gaskiya ce. Ta ce ba ta tabbatar ba tukuna ko wannan ne sirrin irin na Auyo, sai ta gwada. Ta ce funfunar na sauya kama, kuma abin ba daidai yake da lambar hannuna ba. Na ce yaya manomi zai bambance tun da wuri? Ta ce, “Malama, sai a sa masa ido 'yan kwanaki, a ga ko zai faɗaɗa.”

Iya, gwaji kika nema a gaban matan nan. Ke ce kika yi maganar masu ilmi, ni mai littafi na yi ta masu camfi.

Na tambayi Falmata wace ce mai gonar. Talle ce, ƙawata ta ƙuruciya da ta yi aure a Auyo, wadda ke cikin masu cire ciyawa a ranar, wadda na daina zama da ita saboda ba ta iya karatu ba. Falmata ta ce tiya kaɗan ce ta rage mata, 'ya'yanta kuma ba sa son nomanta, sun ce ba ta kasuwa. Idan Talle ta tafi, Mai Lamba ta tafi, kuma ni ce sanadi. Kin san ni: ko gishiri ban taɓa roƙa a maƙwabta ba. Rani guda na yi ina kokawa da girman kaina.

Da ruwan farko ya sauka na hau babur zuwa bakin kogi, na shiga kwalekwale. Na sami Talle tana gyaran kifi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Ikon Allah! Yau makaranta ce ta zo gona? Ina littafin?” Na durƙusa a gaban surukanta, gwiwoyina suna ƙara, na faɗi abin da na yi da abin da na zo nema.

Ta bar ni a durƙushe har ta wanke hannu. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba: tun kafin in fasa tulun kin ɗebi cikin tafi biyu, kin ƙulle a bakin gyalenki, kin kai mata. Kika ce, “Ki noma ta nesa da gari, kada 'yar nan ta ji kunya in ta gani.” Ashe a bayan idona ba ki daina kirana da shi ba.

Ga abin da na riga na yi. Tiyar da Talle ta auna mini na raba biyu. Rabi na ba Falmata, na tsaya a kanta har ta rubuta sunanki a jikin kwalbar da ta zuba shi, ba nawa ba. Rabin kuma na yafa shi a fadamarki, a daidai wurin da na sa aka sare, kuma na shaida wa 'ya'yana cewa ba za a sake shuka wani iri a wannan yanki ba sai Mai Lamba, duk wanda ya zo neman iri a ba shi. Jiya da safe na ga ɗigon farko a ganye. Ban taɓa shi ba. Yau kwana ɗaya, saura biyu.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa kowace ƙwaya da za a ci daga irin nan ta zame miki sadaka mai gudana. Ya sa kin yafe mini kafin ki tafi, Ya kuma haɗa mu inda zan roƙe ki da bakina. Amin.

Taki,
'yar nan.