Masu ambaton sunana

Boɗinga, daren Laraba, daminar 1983

Yau aka yi sadakar bakwai ta Baba. Har yanzu ban yi kuka ba.

Bayan la'asar abokin aikina ya zo gaisuwa daga jami'a, ya taho mini da katunan da suka taru a gidan waya. Daga masu bincike ne na ƙasashen waje, suna roƙon kwafin takardar da na wallafa kan ƙwayoyin halittar cutar sammore. Ya ce an sake ambaton aikin a mujallu. Sannan ya rage murya ya ce firijin ɗakin gwaji ya mutu, babu kayan gyara a ƙasar, jinin shanun da na tara daga rugagen Kajiji duk ya lalace. Na ce to.

Baffa, ƙanin Baba, ya karɓi kati ɗaya yana juyawa. Na yi masa bayani cewa a aikinmu, da yawan masu ambaton sunanka ake auna ka.

Ya ce, "Madalla, ɗalibanka ke nan. Yaushe za su taho gaisuwa?"

Na ce, "Ba su san ni ba, Baffa. Sunan kawai suka sani."

Ya dubi zaure, cike da dattawan da suka yi karatu gaban Baba, wasu da ƙafa suka zo daga Danchaɗi cikin ruwa. Ya miƙo mini katin.

Yanzu na jera katunan kan buzun Baba na karanta su duka. Kowa ya rubuta sunana daidai. Babu ko ɗaya da zan iya gaya wa cewa mahaifina ya rasu.