Saura Kwana Goma Sha Tara Inshorata Ta Ƙare, Ga Kansa a Wuyana

Anti Rakiya, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin kwanakin da suka rage mini ƙidayayyu ne. Kada ki sa sunana. Ko da yake ban san me ya rage na ɓoyewa ba, tunda duk Bahaushen da ke Doha ya riga ya san sunana da na ubana da abin da ke cikin wuyana.

Shekarata ashirin da takwas. Mai gadi ne ni a wani babban kanti a Al Gharrafa, shekara huɗu ke nan. Ban gama sakandare ba, amma ba jahili ba ne ni. A bakin ƙofar nan na koya wa kaina Turanci da ƙamus ɗin waya, duk abin da ke da rubutu sai na karanta shi, har takardar jikin tukunyar kashe gobara. Na kawo wannan ne domin daga karatun rigimar ta faro.

Mako shida da suka wuce sufabaizanmu ya same ni ina karanta littafi a ƙofar baya, lokacin da ko kyanwa ba ta wucewa. Ya fizge littafin ya je ya jefa a kwandon shara a gaban direbobin kaya da masu goge-goge. Ni kuma bakina ba shi da linzami, na sani, tun ina yaro ake gaya mini. Na ce masa shekara uku ni nake gyara masa rahoton da yake kai wa mudir, wato manaja, kuma in aka ba shi biro ko sunan kantin ba zai rubuta daidai ba. Aka yi masa dariya. Washegari na miƙa takardar ajiye aiki da wa'adin wata biyu. Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne Garzali, ɗan garinmu da ke aiki a ofishin wani kamfanin motoci a Mu'aither, ya riga ya ce mini akwai gurbin direba, da na gama wa'adi in zo kawai. Da baki muka yi maganar, babu takarda. Na ce khalas, shi ke nan, na huta da tsayuwar awa goma sha biyu.

To akwai wani kumburi a gefen wuyana tun bayan azumi. Na ɗauka kaluluwa ce. Na shafa man zafi, na yi ƙaho sau biyu, bai sauka ba. Da wandon yunifom ya fara zamewa daga ƙuguna sai na ce bari in mori katin inshorar kamfani kafin in bar su. Wallahi da wasa na je. Suka yanki ɗan nama suka kai gwaji. Kwana goma da suka wuce likita ya zaunar da ni ya ce kansa ce.

Ya yi ta bayani, wai irin wadda ke jin magani ce in aka fara da wuri kuma ba a katse ba, wata shida na kemo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, duk mako biyu. Ina kallon bakinsa yana motsi. Na fito na zauna a tashar jirgin ƙasa, jirage huɗu suka zo suka wuce ban tashi ba. Ban taɓa shan taba ba. Ina buga ƙwallo duk ranar hutu. Har yanzu in na farka sai na kai hannu wuya ko mafarki ne.

Da hankalina ya ɗan dawo na nemo takardar inshorar na karanta ta layi-layi. A shafi na bakwai aka rubuta cewa ranar da aiki ya ƙare, ranar inshora take ƙarewa. Na ƙirga. Yau saura kwana goma sha tara, kuma ranar Talata mai zuwa za a yi mini kemo na farko. Ke nan biyu zan samu cikin goma sha biyu. Amma ban ruɗe sosai ba, na ce ai sabon kamfani ma yana da tasa inshorar.

Mutum ɗaya tak na gaya wa, Haladu, wanda muke ɗaki ɗaya a Bin Omran, gadonsa ne a ƙarƙashin nawa. Ya girme ni da shekara goma sha biyar, shi ke jan mu salla in ba mu samu zuwa masallaci ba. Na ce masa amana ce. Ranar Juma'a bayan an sauko, ina barci, sai wayata ta kama ƙara kamar za ta fashe. Ashe Haladu ya tura saƙon murya na minti huɗu a zauren WhatsApp na 'yan Arewa, mutum ɗari huɗu da wani abu, yana roƙon a sa ni a addu'a. Ya faɗi cikakken sunana, sunan mahaifina, garinmu, inda nake aiki, da sunan cutar. Da na tayar masa, wai addu'ar da ba suna kamar wasiƙa ce da ba adireshi, kuma shi bai ɗauki neman addu'a a matsayin tona asiri ba. Ba don an riƙe ni ba da yanzu daga ofishin 'yan sanda nake rubuto miki.

Amin ta yi ta zuba har na daina ƙirgawa. Garzali ma ya rubuta amin, har da hoton tafin hannu uku. Ranar Lahadi ya daina ɗaukar wayata. Talata ya turo layi ɗaya, wai kamfani ya dakatar da ɗaukar direbobi. Alhamis aka kira wani ɗan Zangon Kumasi da ke benenmu ya fara aikin. Dakatarwa ke nan.

Yanzu kowa ya zama malamin shawara. Wasu sun ce in nemi wani kamfani, in an kawo takardar tambayar lafiya in ce ƙalau nake, in na shiga inshora sai in fito da maganar. Wasu sun ce in koma gida, akwai mai magani a wani ƙauye. Wasu sun ce in je in ba sufabaiza haƙuri ko zai sa baki a mayar mini da takardata. Mutumin da ya jefa littafina a shara? Na ce gara in mutu. Ƙarya nake, Anti, ba na son mutuwa. Amma ƙafata ta ƙi zuwa ofishinsa, kuma in na je ya yi mini dariya ban san abin da bakina zai faɗa ba. Ya zan yi in riƙe inshorar nan? Kuma ya zan yi da Haladu, da nake jin numfashinsa a ƙarƙashina kullum?

Mai gadi, Bin Omran

Ɗana mai gadi, sannu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na ga kana da fushin mutum uku a zuciya alhali kwana goma sha tara ba za su ishe ka fushi da ko mutum ɗaya ba. Bari mu sallami biyu da sauri.

Haladu ya yi kuskure. Ciwon mutum sirrinsa ne, shi ke da ikon faɗa ko ɓoyewa, kuma ana iya cewa a yi wa wani ɗan'uwa addu'a ba tare da an karanto katinsa na asibiti ba. Allah ya san adireshin kowa. Amma ba mugunta ya yi ba, abin da ya taso ya ga ana yi ne in ana son mutum. Kuma ka yi masa adalci: ko bai yi magana ba, sabon kamfani zai tambaye ka lafiyarka, wata shida na kemo kuma ba abin da ake ɓoyewa a aljihu ba ne. Ka gaya masa sau ɗaya cewa ya ɓata maka, sannan ka bar shi ya raka ka asibiti ranar Talata, domin za ka bukaci mai riƙe ka a hanyar dawowa. Garzali kuwa ka cire shi daga lissafi. Ko tsoro ya ji ko umarni aka ba shi, alkawarin baka ne, ba ka da abin kama shi da shi.

Masu cewa ka yi ƙarya a takardar lafiya, kada ka saurare su. Sunanka yana rubuce a asibiti da kwanan wata. Ranar da kamfanin inshora ya gano, zai iya janye hannu kana tsakiyar magani, ka rasa aikin, ka ƙara wa kanka laifi. Komawa gida ma ba yanzu ba. Likitanka ya ce kada a katse, ka riƙe wannan.

Abin da ke hannunka shi ne aikin da kake ciki, domin har yau kai ma'aikacinsu ne. Ni ba lauya ba ce, kuma ba zan ce maka dole su karɓi janyewarka ba, mai yiwuwa ganin damarsu ne. Shi ya sa za ka nema da kyau. Ranar Lahadi ka rubuta takardar janye ajiye aiki, gajera, ba tarihi ba gori. Ka haɗa da takardar likita, ka kai ofishin kula da ma'aikata da hannunka, ka riƙe kwafi mai hatimi. Kada ka sa hannu a wata takardar sallama ko ta kammala haƙƙoƙi sai wanda ya san dokar ƙwadago ya duba maka ita. Ka kuma je ofishin ƙwadago na gwamnati ka tambayi matsayin mai jinya da ke cikin wa'adi.

Tun kafin Talata ka nemi jami'in jin daɗin marasa lafiya a asibitinka, ka gaya masa ranar da inshorarka za ta ƙare. Ka tambaye shi ko za a iya mayar da jinyarka asibitin gwamnati da katin lafiya, me ake bukata, da kuma ƙungiyoyin agaji masu tallafa wa masu kansa. Duk waɗannan ƙofofin da iƙama mai rai, wato izinin zama a ƙasar, ake buɗe su, iƙamarka kuma tana rataye da kafil ɗinka, wato kamfanin da ya ɗauke ka aiki. Wannan ma wani dalili ne na riƙe aikin nan da hannu biyu. Cikin mutum ɗari huɗun da suka ce amin akwai likitoci da injiniyoyi da suka daɗe a ƙasar. Tunda sun riga sun sani, ka zaɓi dattijo ɗaya mai mutunci ka roƙe shi ya raka ka wurin mudir.

Saura sufabaiza. Ya wulaƙanta ka, gaskiya ne, bai kamata ya jefa littafinka a shara ba. Amma kai karatu kake a bakin aiki, kuma abin da ka mayar masa ya fi abin da ya yi maka zafi, domin ka tona masa asiri a gaban na ƙasa da shi. Yanzu ka san yadda hakan yake. Za a tambaye shi ra'ayinsa kafin a mayar da kai, don haka shi za ka fara gani, kafin ofis. Ka je da dattijon nan, ka ce ka yi kuskure, ka yi shiru. In ya yi dariya, ka bar shi ya gama. In ya ƙi, ka wuce ofis da takardarka, ba ka rasa komai ba. Jimla ɗaya ce, ɗana, a bayanta kuma akwai kemo goma da ba ka da mai biya maka.

Allah ya tausasa zukatansu, ya sa maganin ya karɓe ka, ya tashi kafaɗarka.

Anti Rakiya