Tsohon Kube, Sabuwar Bindiga

Maman Yara,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ƙafar ta fara takuwa? Ki ce mata surukinta yana mata addu'a, kuma ta daina ɓoye magani ƙarƙashin matashi. Gida lafiya, sai dai shukokinki sun gane ba ke ke ba su ruwa ba.

Wani abu ya faru a makaranta. An raba wa kuratan 'yan sandan da nake koyarwa sababbin ƙananan bindigogi. Ranar Talata ɗaya daga cikinsu ta tashi a ƙugun ɗalibata, wadda muke kira Lauya saboda yawan tambaya. Zama kawai ta zo yi a benci bayan atisaye. Harsashin ya yage mata wando ya shige ƙasa. Allah ya tsare, babu jini.

Ta rantse hannuwanta biyu na riƙe da hula. Ni kuwa shekara ashirin ina koya wa kurata cewa bindiga ba ta tashi sai da yatsa, kuma haka na rubuta a rahoto. Ƙarshen wata kwamiti zai zauna, kora ce ke jiran ta. Ita ce ta ɗaya a ajin. Da ta karanta rahoton ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye ni ko na ga yatsan da idona. Ban gani ba.

Ki gaida Inna.
Mijinki, Malam

Maman Yara,

Ina fata kun tashi lafiya. Wasiƙarki ta iso. Kin yi mini tsiya, wai mutumin da bai lura bakin kuben bindigarsa ya lanƙwashe kamar tsohon takalmi ba sai da kika nuna masa, shi ne zai yi shaida kan abin da bai gani ba. Na yi dariya, sai na tuna a ƙugun wa kuben nan yake yanzu.

Bindigogin sun zo, kubensu bai zo ba, don haka muka zura su a tsofaffi. Mu malamai kuma mukan ba ɗalibin da ya fi kowa namu kuben, na fata, wanda ya sha mai har ya yi laushi. Nawa na ba Lauya. Tsohuwar bindiga tana da makullin da ke hana ta tashi, wannan ba ta da shi, kunamarta kuma ba ta son wasa.

Na je wurin Baba mai ajiyar makamai. Muka zazzage harsashin sabuwar bindigar, kowa ya duba sau biyu. Ya goga alli a bakin kuben da na ba Lauya, na zura bindigar na ɗaura, na yi ta zama ina tashi a bencin nan. A zama na bakwai muka ji ƙyas. Ga alli fari tas a jikin kunama. Baba ya ce tumbina ma ya taimaka, amma ko shi bai yi dariya ba.

Ki sa ni a addu'a.
Mijinki, Malam

Maman Yara,

Gaisuwa gare ki da Inna. Na ji daɗin jin ta taka har bakin ƙofa.

Na janye rahotona. Na ɗauki bencin da kaina zuwa gaban kwamiti, na zauna musu har sau goma sha ɗaya kafin ta yi ƙara. An kwashe tsofaffin kube gaba ɗaya, an kulle bindigogin sai nasu ya iso. Ni an ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girman da muke jira sai wata shekara. Ki yi haƙuri.

Lauya ta dawo aji jiya. Ban gama gaisuwa ba ta ɗaga hannu, tana son sanin abin da za su yi da jimlar nan tawa, ta cewa bindiga ba ta tashi sai da yatsa, da ke shafin farko na littattafansu. Na ce kowa ya ɗauki biro. Mutum arba'in suka soke ta ina kallo, ita ce ta ƙarshe, kuma da rula ta ja layinta.

Ki dawo da wuri, shukokin nan sun kusa kai ni ƙara.
Mijinki, Malam