Ƙofar Mai Walda a Suwic ɗin Yaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce na rubuta, matar ƙaninka, domin shi bakinsa a kumbure yake, kai kuma ka daina ɗaga waya.

Jiya mai walda na shagon ƙarshe ya faɗo mana ɗakin buga takardu da guntun rodi a hannu. Intanet ɗinsa ya ɗauke, na tela da na mai kemis kuwa lafiya lau. Ya bi igiyar intanet ɗinsa har cikin suwic ɗin nan da ka kafa, akwatin da ke raba wa kowane shago intanet, ya ga fitilar kowa tana ƙyaftawa, tasa ce kawai a mace. Ƙaninka ya rantse bai taɓa ba. Mutumin ya ce, "Ni za ka mayar ɗan iska?" Ya kafta masa rodin a baki, haƙora biyu suka zube kan injin fotokwafi.

Kai kaɗai ke shiga suwic ɗin daga inda kake. Don Allah ka buɗe masa, ko ka aiko da kalmar sirrin.

Ka huta lafiya.
Matar Auta

Matar Auta,

Bayan gaisuwa, Allah ya ba shi lafiya. Ni na rufe ƙofar mai walda. Amfanin irin wannan suwic ɗin ke nan, kowane shago da ƙofarsa, a rage wa wanda ya cika ci, a rufe ta wanda ya ƙi ji. Ma'aikatansa wuni suke kallon fim, aikinmu yana rarrafe. Na yi masa magana, ya zage ni.

In na buɗe yanzu, duk ginin zai koyi cewa da rodi ake buɗe ƙofa. Ku kai shi wurin 'yan sanda. Kalmar sirri kuwa ba zan ba Auta ba, sanyinsa ya yi yawa, ko tari aka yi masa zai miƙa.

Wassalam.
Yayanku

Yaya,

Ina gaishe ka ne don tarbiyya, amma zuciyata tafasa take.

Mun kai shi wurin 'yan sanda, kafin mu dawo shago har an sake shi ya riga mu. Yau ya zo da ƙannensa, suka rufe ƙofa, ɗaya ya murɗe min hannu ya haɗa ni da bango. Suka shimfiɗa hannun ƙaninka na dama a kan tebur. Mai walda ya ce, "Faɗi kalmar sirrin." Ƙaninka ya ce wallahi bai sani ba. Guduma ta sauka a kan ɗan yatsa. Aka sake tambaya, aka sake saukewa, ina jin ƙarar ƙashi. Mai sanyin nan naka ko sau ɗaya bai ce kai ne ka rufe ba, don kada su biyo ka.

Kyamarar da ke saman teburin a haɗe take da suwic ɗinka, kuma fitilarta a kunne take. Ka kalla?

Matar ƙaninka, daga asibiti

Ƙanwata,

Na buɗe masa. Kalmar sirrin tana bayan takardar nan, ki ba Auta. Yaya jikinsa?

Yaya

Yaya,

Sallama. Saƙonka ya iso. Na karanta masa, ya ce in gode maka.

Likita ya ce gobe za a yanke hannun.

Matar Auta